Kowane Jiki da Iyakarsa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Lissafin Haɗarin Cuta

Tambayoyin nan, a kan lissafin da ake auna haɗarin kamuwa da cuta da lokacin da za ta iya zuwa, sun fi fitowa daga bakin mutane iri biyu a Zariya: ɗaliban jami'a a Samaru da na asibitin koyarwa na Shika masu haɗa kundin digiri a kan marasa lafiya, da masu jinya waɗanda likita ya faɗa wa wata lamba suka koma gida tana yi musu yawo a ka. Na haɗa su wuri guda domin damuwarsu ɗaya ce, zurfin bayanin da kowa yake nema ne kawai ya bambanta.

Wane irin lissafi ne wannan, kuma me ya raba shi da ƙididdigar da muka saba?

Ƙididdigar da aka saba tana tambayar mutum nawa suka kamu. Wannan kuwa yana ƙara tambaya ta biyu, wadda ta fi nauyi a zuciyar mai jinya: yaushe? A ce asibitoci biyu ne, kowanne ya kula da masu hawan jini 100 na tsawon shekara 10, kuma a kowanne mutum 30 suka samu shanyewar ɓarin jiki. A takarda sun yi kunnen doki. Amma idan a na farko yawancinsu a shekarar farko abin ya same su, a na biyu kuwa sai a shekara ta 9, ai ba labari ɗaya ba ne. Shekara takwas ce ta noma, ta kasuwa, ta aurar da 'ya'ya, wadda waɗansu suka samu waɗansu suka rasa.

Abin da ake jiran aukuwarsa ba dole ne ya zama mutuwa ba. Yana iya zama dawowar ciwon daji bayan tiyata, ko ranar da za a fara wankin ƙoda, ko ma abin farin ciki kamar warkewa daga tarin fuka. Ilimin ya tsufa. Tun a 1662 John Graunt ya zauna da takardun mace-macen Landan yana fitar da lissafi, kuma a 1693 Edmond Halley ya tsara jadawalin tsawon rai daga bayanan birnin Breslau.

Malam, marasa lafiyar da suka daina zuwa asibiti fa? Sai a cire su daga lissafi?

A'a, kuma nan ne ɗalibai da yawa suke ɓata aikinsu tun daga tushe. Mutumin da aka bi na wata 6 lafiya ƙalau, sannan ya koma Funtuwa ko Legas, ya bar mana labari: ya yi wata 6 abin bai same shi ba. Labarin ya yanke, amma abin da aka samu kafin yankewar gaskiya ne. Hanyar da Edward Kaplan da Paul Meier suka wallafa a 1958 ita ce ta koya wa duniya yadda ake cin moriyar irin wannan yankakken labari.

Ga misali, lambobin nawa ne don koyarwa. Ana bin mutum 10. A wata na 3 ɗaya ya kamu, saura 9 cikin 10, wato kashi 90 cikin 100. Sai biyu suka bar gari, waɗanda ake gani suka koma 7. A wata na 8 wani ya kamu, saura 6 cikin 7. Sai a ninka: 9 bisa 10 sau 6 bisa 7, a samu kusan kashi 77. Wanda ya jefar da mutum biyun nan zai samu kashi 75. Wanda ya ƙirga su a matsayin masu lafiya har ƙarshe zai samu 80. A mutum 10 tazarar ba ta da yawa. A fayil 600 da kashi ɗaya bisa uku suka ɓace, tana iya juya sakamakon bincike gaba ɗaya.

Kowane kundi na buɗe sai in ga sunan Cox. Me ya yi?

David Cox masanin ƙididdiga ne ɗan Birtaniya. A 1972 ya kawo hanyar auna yadda abubuwa kamar shekaru, shan taba, ko yawan suga suke ninka haɗari, ba tare da sai an san siffar haɗarin kansa ba. Idan aka ce ninkin haɗarin mai shan taba 2 ne, ana nufin a kowane lokaci, cikin waɗanda abin bai riga ya same su ba, masu shan taba suna kamuwa da saurin da ya ninka na sauran sau biyu.

Hanya ce mai kyau, shi ya sa ta mamaye fagen. Sai dai tana tsaye a kan sharaɗi guda: ninkin nan ba ya canjawa da tafiyar lokaci. A rayuwa yana canjawa. Wanda aka yi wa babbar tiyata ya fi shiga haɗari a makonnin farko, daga baya kuma ya fi wanda ba a yi wa ba kwanciyar hankali. Sannan tsarin Cox yana gaya maka wane ne ya fi kusa da haɗari, amma ba ya ba ka labarin abin da ke gudana a cikin jiki har aka kai ga nan.

To mece ce iyakar da ake cewa ta keɓanta da kowane mara lafiya?

Duk wanda ya taɓa zama a layin masu sikila ya san wannan ko bai san sunansa ba. Za ka ga yarinya da PCV ɗinta, wato awon yawan jininta, 22, tana zaune tana cin gyaɗa tana hira da uwarta, domin a nan jininta ya saba zama. Lafiyayyen magidanci da jininsa ya faɗo daga 42 zuwa 22 cikin kwana biyu kuwa, ɗauko shi za a yi ranga-ranga. Lamba ɗaya, hali biyu. Shi ya sa likitocin jini suke tambayar inda jinin yaro yake tsayawa a lokacin da yake lafiya, domin daga can ake auna faɗuwa.

Haka abin yake a ƙoda. Ka'idar da likitoci suke bi wajen gane raunin ƙoda na farat ɗaya ba ta tsaya ga lamba guda ba: ana duba ko sinadarin kiriyatinin, dattin da ƙoda take tacewa daga jini, ya haura da 0.3 cikin awa 48, ko ya kai ninki ɗaya da rabi na yadda yake a jikin mutumin a da. Tsohuwa siririya tana iya rasa babban kaso na aikin ƙodarta alhali lambarta tana cikin abin da takardar awo ta kira daidai, domin tun asali lambarta ƙarama ce.

Zazzaɓin cizon sauro ma haka. Aikin Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976 a yankin da yanzu yake cikin Jigawa, ya nuna yadda jama'a da yawa suke yawo da ƙwayar cutar a jini, da yadda garkuwa take ginuwa da shekaru. Daga baya binciken ƙauyen Dielmo a Senegal ya nuna cewa yawan ƙwayoyin da ke tayar da zazzaɓi ba ɗaya ba ne ga kowa: ya fi yawa a ƙananan yara, yana raguwa yayin da mutum yake girma.

Ta yaya lissafi yake kama abin da ya bambanta daga mutum zuwa mutum?

Ku ɗauki rijiyoyin cikin birni a lokacin rani. Wata tana ƙafewa tun watan Maris, wata tana kaiwa har saukar ruwan fari. Abu biyu ne suke yanke hukunci: yawan ruwan da rijiyar ta shiga rani da shi, da saurin da yake ja da baya. Kuma ja da bayan ba a miƙe yake ba, yau an ɗiba da yawa, gobe ya ɗan taru.

Wannan shi ne tunanin da Mei-Ling Ting Lee da G. A. Whitmore suka tsara a maƙalarsu ta 2006. Ana ɗaukar lafiyar mutum a matsayin ɓoyayyen abu mai hawa da sauka, cuta kuma tana bayyana ne a karon farko da ya taɓa iyaka. Kowane mara lafiya yana da abu biyu nasa: nisan da ke tsakaninsa da iyakar a ranar da aka fara binsa, da saurin da yake gangarawa. Sai a bar bayanansa su yi magana a kan kowanne daban. Shekaru da gado suna iya shafar nisan, shan magani da abinci suna iya shafar saurin. Hawa da saukar ana kwatanta su da tafiyar Wiener, wato lissafin motsin da ba a iya hasashen takunsa na gaba, lokacin isa iyaka kuma yana bin wani sanannen tsarin lissafi da masana suka daɗe da warwarewa, don haka kwamfuta ba ta shan wahala.

Amfanin raba abu biyun nan yana fitowa fili a ciwon ƙoda. Ana cewa ƙoda ta gaza idan lambar eGFR, mai nuna ƙarfin tacewar ƙoda, ta sauka ƙasa da 15. A ce Malam na farko yana kan 45, yana rasa 2 a shekara. Na biyu yana kan 75, yana rasa 10 a shekara. Wanda ya kalli takardar yau kaɗai zai tausaya wa na farko ya sallami na biyu. Alhali na farko yana da kimanin shekara 15 kafin ya isa iyaka, na biyu kuwa 6. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin awo guda ɗaya, komai kyan injin da ya yi shi, rabin labari ne.

Akwai wani abin da nake so game da tsarin. Idan lafiyar mutum tana hawa maimakon sauka, lissafin yana yarda cewa mai yiwuwa ba zai taɓa isa iyakar ba har abada. Wato yana da gurbin waɗanda suka warke.

Wata hanyar kuma, wadda James Vaupel da abokan aikinsa suka gabatar a 1979, ita ce a ba kowane mutum wani ɓoyayyen ma'aunin rauni. Tana bayyana abin da ke rikita mutane: masu rauni suna riga faɗuwa, waɗanda suka rage masu ƙarfi ne, sai a ga kamar haɗari yana raguwa alhali ba wanda ya samu sauƙi.

Kenan 140 bisa 90 da ake faɗa mana na hawan jini ba shi da amfani?

Yana da amfani ƙwarai, kada wani ya ajiye maganinsa saboda abin da ya karanta a nan. Ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye yana bukatar layi guda da zai yi aiki da shi, kuma layin ya ceci rayuka. Abin da ya kamata a sani shi ne mutane ne suka zauna suka shata shi. Haɗari ba ya farawa daga 140, yana hawa ne a hankali tun daga ƙasa. A 2017 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sauko da nasu layin zuwa 130 bisa 80. A cutar ƙanjamau, Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa cewa a fara magani idan CD4, wato yawan ƙwayoyin garkuwar jiki a jini, ya sauka zuwa 200, ta mayar da shi 350, sannan 500 a 2013, daga 2015 kuma ta ce a ba kowa da zarar an gano. Jikin ɗan Adam bai canja ba a tsakani, hujjoji ne suka ƙaru.

Ɗana yana da sikila, an ce a kai shi hoton jijiyoyin kai. Yana da alaƙa da wannan?

Hajiya, yana da alaƙa sosai, kuma ki daure ki kai shi. Awon yana duba saurin gudun jini a manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba allura, ba zafi. Binciken STOP da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna cewa yaran da saurin ya kai santimita 200 a daƙiƙa suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki na kusan kashi 10 cikin 100 a kowace shekara, kuma ƙarin jini a kai a kai ya rage haɗarin da kimanin kashi 90. Da yake ƙarin jini duk wata abu ne mai wuya a wajenmu, an yi gwaji a asibitocin Kano da Kaduna da maganin haidiroksiyuriya, aka ga yana ba da kariya. Ilimi ne da aka samo da 'ya'yanmu, a ƙasarmu.

Inda maganar iyakar mutum take shigowa shi ne: yaron da awonsa ya tashi daga 140 zuwa 185 cikin shekara guda bai kai 200 ba, amma ya fi bukatar a sa masa ido fiye da wanda ya daɗe a kan 180 bai motsa ba. Ba za a gane haka ba sai an maimaita awon, an kuma adana na baya.

Wannan ba shiga sanin gaibu ba ne? Ai ajali na Allah ne.

Ajali na Allah ne, kuma babu lissafin da ya san ranar kowa. Abin da lissafin yake faɗa shi ne: cikin mutum 100 masu irin wannan hali da aka bi a baya, kaza ne abin ya same su cikin shekara kaza. Bai san ko kana cikinsu ba. Masanin da ya ce maka saura wata shida ya faɗi abin da takardarsa ba ta faɗa ba.

Akwai lambar da ta fi tsorata mutane, wato tsakiyar lokaci: lokacin da rabin marasa lafiya suka kai ga abin, rabi ba su kai ba. Stephen Jay Gould, masanin halittu a Amurka, an gano yana da wani mugun ciwon daji a 1982, wanda tsakiyar lokacinsa wata 8 ne. Ya rayu har 2002. Rabin da suka wuce tsakiya waɗansu suna yin nisa ƙwarai. Manufar lissafin ita ce a san wanda ya fi bukatar kulawa tun da sauran dama, kuma wannan neman magani ne.

Likita ya ce haɗarina kashi 12 ne cikin shekara 10. In fara shan magani ko in bari?

Nan akwai iyaka ta biyu, wadda ba ta jini ba ce, ta shawara ce: haɗari ya kai nawa kafin amfanin magani ya rinjayi wahalarsa? Stephen Pauker da Jerome Kassirer sun tsara wannan tunani a 1980. Idan magani mai arha ne, illarsa kaɗan, ana fara shi ko haɗarin bai yi yawa ba. Idan mai tsada ne ko mai illa, sai haɗarin ya yi nauyi. Ko ƙasashe ba su daidaita ba: a maganin rage kitsen jini, Amurka ta ɗauki kashi 7.5 a 2013, Ingila ta ɗauki kashi 10 a 2014.

Tunda ƙasashe sun bambanta, mutane ma za su bambanta. Ma'aikacin jami'a mai inshorar lafiya da ɗan kasuwar Sabon Gari da zai ciro kuɗin daga jarinsa duk wata ba su ɗauki nauyi ɗaya ba. Wanda mahaifinsa ya shekara biyar a kwance yana iya cewa kashi 12 ya yi masa yawa, kuma yana da gaskiya. Ka zauna da likitanka, ka tambaye shi da magani lambar za ta koma nawa, sannan ku yanke tare.

Lissafin da aka yi a ƙasashen waje yana aiki a kanmu?

Wani ɓangare yana yi, wani ba ya yi. Shahararren lissafin ciwon zuciya ya fito ne daga garin Framingham a Amurka, inda aka fara bin mutum 5,209 a 1948, kusan dukkansu fararen fata. Da aka gwada shi a Sin da Birtaniya, an ga yana zuzuta haɗari. Yakan iya jera mutane daidai, wane ya fi wane, amma ya kuskure ainihin lambar. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jadawali na yankuna 21, har da Afirka ta Yamma, wanda ya fi kusa da mu.

Har awon kansa yana iya yaudara. Awon HbA1c na ciwon suga ya dogara ne da cewa jan ƙwayar jini tana rayuwa kimanin kwana 120. A mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, don haka lambar ba abin dogaro ba ce a jikinsa. A ƙasar da ake kiyasin ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Me ya fi lalata irin wannan bincike a wajenmu?

Dalilin ɓacewar marasa lafiya. Duk hanyoyin da na ambata suna ɗauka cewa wanda ya daina zuwa bai bambanta da wanda ya ci gaba ba. Mu kuwa mun san ba haka ba ne. Wani ya daina zuwa don ya ji sauƙi. Wani don kuɗin mota zuwa Shika ya gagare shi. Wani jikin ya yi tsanani aka mayar da shi ƙauye, ya rasu aka yi masa sutura a ranar, ba takardar da ta isa fayil ɗinsa. Idan masu tsananin ciwo ne suka fi ɓacewa, sakamakon zai yi kyau fiye da gaskiya, kuma babu dabarar kwamfuta da za ta gyara shi. Maganinsa a ɗaga waya a kira, ko a je gida a yi sallama.

Sai kuma mutuwa ta wani dalili daban. Wanda hatsarin mota ya ɗauke ba zai kai ga wankin ƙoda ba, kuma kuskure ne a lissafa shi kamar wanda ya bar gari. Jason Fine da Robert Gray sun kawo hanyar magance wannan a 1999.

Ni ɗalibi ne, daga ina zan fara?

Daga fayil, ba daga manhaja ba. Ka tabbatar kowane mara lafiya yana da ranar farawa, ranar ƙarshe da aka gan shi, da abin da ya faru a ranar. Ka nemi izinin kwamitin ɗa'a, ka cire sunaye. Ka fitar da zanen lissafin Kaplan da Meier ka zauna ka kalle shi kafin ka taɓa Cox. Manhajar R kyauta ce kuma ta ishe ka. Ka tuna ƙarfin bincikenka yana ga yawan waɗanda abin ya faru da su, ba yawan fayil ba: tsohuwar ka'ida ita ce a samu kamar mutum 10 da abin ya same su a kan kowane abu guda da kake son aunawa. Lissafin iyakar mutum kuwa ka bar shi sai kana da awo da aka maimaita wa kowane mara lafiya, in ba haka ba saurin gangarawar da za ka fitar zato ne.

Ni ba ɗalibi ba ne, mara lafiya ne. Me zan yi da duk wannan?

Ka sayi ƙaramin littafin rubutu. Duk ranar da aka auna ka, a asibiti ko a kemis, ka ce a faɗa maka lambar, kada ka tsaya ga "ba komai" ko "ya ɗan hau". Ka rubuta ta da kwanan wata, da maganin da kake sha a lokacin. Ka yi awo ko a ranar da kake jin garau, domin wannan lambar ita ce za a riƙa kwatanta sauran da ita. Takardun gwaji kada su ƙare a hannun mai ƙosai, ka haɗa su a leda guda da katinka. Idan ka canja asibiti ka tafi da su, idan ka canja lambar waya ka faɗa a wajen masu kati, ka kuma ba su lambar wani ɗan'uwanka da za a iya samu idan taka ba ta shiga.